Kanumfarin Zanzibar: Wa Ke Cin Moriyar Baƙi?

Da wuya a sami gidan da babu kanumfari, ko don yaji da kunun zaƙi, ko don ciwon haƙori. Shi dai tohon fure ne da ake tsinkewa da hannu kafin ya buɗe, sannan a shanya shi a rana. Sinadarin yujinol da ke cikin mansa shi ke kwantar da zogin haƙori.

A Afirka, babu wurin da ya yi suna da nomansa kamar Zanzibar, wato tsibiran Unguja da Pemba na ƙasar Tanzaniya. A ƙarni na 19 Sarki Sayyid Sa'id ya bunƙasa shukarsa. Guguwar 1872 ta karya mafi yawan itatuwan Unguja, daga nan Pemba ta zama cibiya. Bayan juyin juya halin 1964 aka raba wa talakawa gonaki, eka uku-uku. Da farashi ya faɗi a shekarun 1980, waɗannan ƙananan manoma ne suka ji jiki.

Yanzu ana kai 'yan yawon buɗe ido gonakin ƙauyuka irin su Kizimbani, su ga kanumfari da kirfa da citta a inda suke tsirowa. A ra'ayina wannan hanya ce mai kyau, domin manomin tsibiri ba shi da dajin da zai ƙara sharewa, teku ta kewaye shi. Ga shi itacen kanumfari kan yi shekaru kafin ya fara fure.

Amma fa da sharaɗi. Idan kamfanin da ya ɗauko baƙo da otal ɗin da ya sauke shi suka kwashe kuɗin, manomi ya tashi da ɗan tukuici, to an yi kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kamata ya yi manoma su haɗu cikin ƙungiya, su yanka kuɗin shiga da kansu, su sayar wa otal kayan gona kai tsaye. A kuma ƙayyade yawan masu shiga, don yawan taku na danne ƙasa, ya hana saiwa iska da ruwa.

Uwa-uba, kada a daina noma don tarbar baƙi. A 2020 annobar korona ta tsayar da jirage, baƙi suka ɗauke ƙafa. Baƙo raɓa ne, wanda ya riƙe gonarsa shi ke da abin kaiwa baka ranar da baƙon bai zo ba.