A Fara Awon Jinin 'Yan Wasa Tun Daga Gida

A wasannin Olamfik na Tokiyo, cikin 2021, an hana 'yan guje-guje da tsalle-tsalle 10 na Nijeriya shiga fili, domin ba a yi musu awon da ƙa'ida ta tanada ba. Blessing Okagbare kuwa, da aka sami EPO, maganin ƙara jini, a jikinta, hukuncin dakatarwa na shekara 11 ya hau kanta a 2022.

Shi EPO na masu ciwon ƙoda ne. A jikin lafiyayye yakan sa jini kauri har ya toshe jijiya.

Filin wasa na Sabon Gari ba shi da nisa da kasuwar da ta daɗe da yin suna wajen sayar da magunguna barkatai. Saboda haka wajibi ne Gwamnatin Jihar Kano ta sa a riƙa awon jini da fitsari tun daga wasannin jiha.