Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

A ƙasashen bakin teku, kamar Amurka, akwai wata gawurtacciyar guguwa wadda takan taso daga cikin teku. Gudunta yakan kai kilomita 119 a sa'a guda, ko fiye. A watan Agusta na 2005 irin wannan guguwa, wadda aka sa wa suna Katrina, ta faɗa wa birnin New Orleans. Ruwa ya fasa madatsai ya cinye yawancin garin, mutum fiye da 1,000 suka hallaka.

Irin wannan guguwa ba ta zuwa Kaduna, gama ruwan teku mai ɗumi shi ne abincinta, Kaduna kuwa tana nesa da teku. Amma masana sun gano da yawa daga cikin waɗannan guguwoyi asalinsu hadarin Afirka ta Yamma ne. Hadari yakan taso daga gabas, ya yi ta tafiya yamma, har ya wuce ƙasar Senegal ya faɗa teku, can ya yi ƙarfi. Watau hadarin da yaron Kakuri yake gani ya haɗu wuluk a gabas ɗan'uwansu ne, ba abin rainawa ba ne.

Mutanen kudancin Kogin Kaduna, watau na Barnawa, da Narayi, da Kakuri, da Makera, da Nasarawa, da Unguwar Romi, sun san damina tana zuwa musu da haɗari iri biyu. Na farko iska ce. A farkon damina, wajen Afrilu da Mayu, takan zo da ƙura, ta kware kwanon rufi, ta tumɓuke itatuwa, ta kayar da turakun lantarki. Na biyu ambaliya ce, wajen Agusta da Satumba, sa'ad da ƙasa ta ƙoshi da ruwa. Kogin Kaduna daga tsaunukan Jos ya taso. Don haka yana iya cika ya tumbatsa ko da ba a yi yayyafi a cikin gari ba. A shekarar 2003 kogin ya yi ambaliya, ya shiga gidaje masu yawa, har da na Barnawa. A watan Satumba na 2015 ya sāke yin haka.

To, wa ya kamata ya yi shirin waɗannan abubuwa? Waɗansu sukan ce aikin maigida ne shi kaɗai. Sukan ce kada a gaya wa yara, don kada a tsorata su. Wannan magana da tausayi a cikinta, amma ba daidai ba ce. Hadari ba ya jiran maigida ya komo daga wurin aiki. Sau da yawa yakan sami yara su kaɗai a gida, ko a kan hanyar makaranta. Yaron da bai san abin yi ba shi ne yakan firgita. Wanda aka koya masa kuwa, hankalinsa yana kan aikinsa, ba shi da sararin kuka. Shirin damina aikin kowa ne a gida, babba da yaro. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tun da rani ake farawa. Maigida ya kirawo kafinta ya duba rufi, a ƙara ƙusoshi, a canja katakon da gara ta ci. A sassare rassan da suka rufa kan ɗaki. Uwargida ta tattara takardun gida, da na haihuwa, da na makaranta, ta ƙulle su cikin leda, ta sa a jaka ɗaya tare da tocila, da ashana, da magungunan da ake sha, da ɗan abincin da ba ya lalacewa, kamar gari da ƙuli-ƙuli. Jakar nan a rataye ta inda kowa ya sani.

Yara fa, mene ne nasu? Nasu ba kaɗan ba ne. Su ne za su daina zuba shara da leda a kwata, gama kwatar da ta toshe ita take juyo ruwa cikin gida. Su ne za su tuna wa manya a saurari rediyo, domin Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, watau NiMet, takan faɗi yadda ake zaton damina za ta kasance. Kowane yaro kuma ya haddace sunan unguwarsu da lambar wayar iyayensa. Sa'an nan iyali su zauna su shirya: in ruwa ya zo, gidan wa za a tafi a kan tudu, ta wace hanya, wa zai goya jariri, wa zai riƙe hannun kaka.

Ran da iska ta taso, sai kowa ya shiga ɗaki, a rufe ƙofa da taga, a zauna nesa da gilashi. Kada kowa ya fake a gindin itace, gama reshe yana iya karyewa, aradu kuma ta fi faɗa wa abu mai tsawo. In kwano ya tashi, a bar shi ya tafi. Kwanon da iska ta ɗauka wuƙa ne.

In ruwa ne yake hawa, babba ya kashe wutar gidan tun ƙasa tana bushe, a ɗauki jakar nan, a fita da wuri. Mai tsayawa jidar kaya yakan rasa kayan, wani lokaci har da ransa. Kada yaro ya ce zai ratsa ruwa mai gudu. Ruwan da bai kai gwiwa ba ma yana iya kayar da ƙato, balle ɗan makaranta, ga shi ba a ganin ramin da ke ƙarƙashinsa.

Bayan ruwa ya janye ma da sauran aiki. Kada a taɓa wayar lantarki da ta faɗi. A yi hankali da macizai, su ma tudu suke nema. Ruwan rijiyar da ambaliya ta shiga kuwa sai an tafasa shi kafin a sha, don gudun amai da gudawa. Sa'an nan a leƙa maƙwabta, musamman tsofaffi da marasa lafiya, a ga yadda suka kwana.

Ba mai iya tsai da hadari, ba mai iya hana kogi cika. Amma gidan da kowa ya san aikinsa, ko rufinsa ya tafi, da safe za a ƙirga mutanensa a same su cif. Rufi kuwa kafinta yana iya mayar da shi.

Tambayoyi

1. Don me guguwar teku ba ta zuwa Kaduna?
2. Daga ina Kogin Kaduna ya taso?
3. Faɗi abu huɗu da ake sawa cikin jakar shiri.
4. Wane aiki za ka ɗauka a gidanku kafin damina ta faɗi?