Tsakanin Allo Da Murhu Salama Take

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin 'yan'uwana ɗalibai Kirista, musamman waɗanda suka kusa gama karatu. In ka tambayi ɗayansu abin da zai yi bayan ya karɓi digiri, sai ya ce zai ɗan taɓa koyarwa kafin Allah ya buɗe hanya. Watau a ganinsa aji rumfar jiran mota ce, hanyar Allah kuwa tana can wani wuri dabam, ko a ofis mai sanyi ko a bisa bagadin majami'a. Wannan ra'ayi nake so mu duba, domin ina ganin shi ke hana da yawa daga cikinmu samun abin da muke roƙo kowace Lahadi, watau salama.

Mun saba neman salama a manyan tarurruka. Mukan yi kwanan addu'a, mu tafi taron farkawa, mu raira waƙoƙi har murya ta dushe, mu komo zuciya fari fat. Ba na kushe wannan ko kaɗan. Amma mai karatu ya tambayi kansa, kwana nawa wannan farin ciki yakan yi? Sau da yawa kafin azahar ɗin Litinin ya watse, da zarar an shiga aji an tarar da yara cike maƙil, babu isassun kujeru, babu alli, ga albashi ya makara. Salamar da ba ta iya jure wa Litinin, ashe tun farko ba ta kafu ba.

Mu dubi Yesu Almasihu kansa. Littattafan Bishara sun nuna cewa yana da wajen shekara talatin sa'ad da ya fara hidimarsa a fili. Shekarun da suka gabaci wannan a gida ya yi su, a Nazarat, cikin iyalin masassaƙi. Da ya fito kuma, ɗaya daga cikin sunayen da almajiransa da sauran jama'a suka saba kiransa da su shi ne Malam. Misalan da ya koyar da su ma daga gona da tsakar gida ya ɗauko su: manomi mai yafa iri, mace mai cuɗa gari da yisti, fitilar da ake ɗorawa a kan maɗori, da matar da ta share ɗaki tana neman kuɗinta da ya ɓace. In wanda muke bi ya zaɓi gida da koyarwa, da wane dalili mu za mu ɗauke su wurin ɓata lokaci?

Tarihin Ikilisiya a ƙasarmu ma haka ya nuna. Likita Mila ya zauna a birnin Zariya a 1905, ya buɗe makaranta da ɗakin magani, a 1929 kuma mishan ta koma Wusasa. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, a 1934 aka kafa makarantar horar da malamai da masu bishara a Gindiri. Littafin nan da bai amfana wa kowa kome ba in da ba a sami waɗanda suka zauna a gindin itace suna koya wa yara da manya a, ba, ca, da ba. Ta makarantar Wusasa mutane irin su Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da Janar Yakubu Gowon, ɗan mai bishara, suka bi. Sunayen waɗannan kowa ya sani. Malaman da suka riƙe hannunsu suka koya musu rubutu kuwa, da iyayen da suka tashe su addu'ar asuba, su ne harsashin ginin, harsashi kuwa a ƙarƙashin ƙasa yake.

To, ta yaya aji zai zama wurin samun salama? Amsar tana cikin lamiri. Mafi yawan damuwar da ke hana ma'aikaci barci daga abin da ya ɓoye take fitowa. Malamin da ya ƙara wa ɗan mai kuɗi maki, ko ya kau da kai ana satar amsa don an ba shi na goro, ko ya sa hannu a rajista ya sulale kasuwa, ko ya ɗora ido a kan yarinyar da aka ba shi amana, ya sayar da kwanciyar ransa da kansa, kuma babu yawan waƙar da za ta sayo masa ita. Wanda ya shirya darasinsa tun da dare, ya duba aikin yara da gaskiya, ya san sunan yaron da ke zama a can baya ba ya magana, wannan yakan kwanta ba ya tsoron ƙwanƙwasa ƙofa. Bangaskiya a nan take zama abin taɓawa da hannu.

Akwai kuma wani abu da ya kamata mu faɗa wa juna a fili. A yawancin makarantun gwamnati na Arewa, malami Kirista zai tarar da 'ya'yan Musulmi a gabansa, kamar yadda malami Musulmi ke tarar da namu. Iyayen nan sun kawo 'ya'yansu ne su koyi lissafi da kimiyya, kuma sun amince da kai. Kada ka mai da darasin lissafi wa'azi, kada kuma ka fifita Bulus a kan Bello. Ranar da uba Musulmi ya ce ɗansa bai taɓa ganin rashin adalci a hannun Malam wane ba, ran nan ka yi shaidar da ta fi ta lasifika ƙarfi, ka kuma sa tubali ɗaya a ginin zaman lafiyar da ƙasar nan ke ƙishirwa.

Sa'an nan sai gida. Da yawa daga cikinmu inuwar giginya ne, na nesa ka sha. A majami'a fara'a, a makaranta haƙuri, amma da an shigo gida sai a sauke wa mata da yara fushin da aka kwaso a waje. Alhali kuwa a gida ake sanin gaskiyar mutum, gama a nan babu mai tafa masa. Sujadar iyali ta ɗan lokaci kaɗan kafin a kwanta, miji ya kama wa matarsa aiki in ita ma daga aji ta dawo a gajiye, uba ya iya ce wa ɗansa yi haƙuri, a kashe rigima kafin a kashe fitila, waɗannan ƙananan abubuwa su ne abincin salama na yau da kullum. Yaro ba ya riƙe wa'azin da ya ji kamar yadda yake riƙe halin da ya gani, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na san wani zai ce wannan ai ita ce tsohuwar waƙar da ake lallashin malamai da ita, cewa ladansu yana sama, don su yi shiru a ci gaba da tauye musu haƙƙi. Ƙorafin yana da tushe. Tun da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976 makarantu suka cika, amma kula da malamai bai bi sawun yawan yara ba. Sai dai salama dabam, mutuwar zuciya dabam. Littafi Mai Tsarki kansa ya koyar da cewa a biya ma'aikaci haƙƙinsa, ya kuma tsawata wa masu danne shi. Malamai suna da ƙungiya tun 1931, Kirista kuwa ya shiga cikinta ya nemi haƙƙinsa da murya a sarari. Abin da ba shi da iko ya yi shi ne ya rama a kan yara laifin da ba su suka yi masa ba.

Saboda haka, 'yan'uwa, da yawanmu aikin bautar ƙasa zai kai mu aji, waɗansu kuma a nan za su yi furfura. Kada mu shiga da zuciyar mai jiran mota. Mu ɗauki alli kamar yadda muke ɗaukar littafin waƙoƙi ran Lahadi, mu shiga gidajenmu da ladabin da muke shiga majami'a. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya kuma ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.