Bugun Ƙirji Ga Mai Juna Biyu: Kada A Jira Sai An Ga Jini

Iyaye mata da magidanta na Ikara, Makarfi da Kudan, shawarata ita ce duk mai ciki da ta bugu a ƙirji a kai ta asibiti a ranar, ko da ta ce ba komai.

Musabbabin sanannu ne: faɗuwa daga acaɓa, hatsarin mota a kan titin Zariya zuwa Kano, tunkuyin saniya, zamewa a bakin rijiya, da kuma dukan da wasu mazan ke yi wa matansu. Rauni iri biyu ne. Akwai na huda, kamar na wuƙa ko ƙaho, akwai na bugu wanda fata ba ta tsage ba. Na biyun shi ke yaudarar mutane. Haƙarƙarin da ya karye yana iya tsokale huhu, iska ko jini su taru a ƙirji su danne shi, alhali ba ɗigon jini a waje.

Mai ciki ta fi kowa shiga haɗari. Ciki yana tura tantanin da ya raba ƙirji da ciki sama da kimanin santimita 4, ga shi numfashin mutum biyu take yi. Jininta kuma yana ƙaruwa da kusan rabi, don haka tana iya zubar da mai yawa ta ciki kafin a gane, jariri ne zai fara jigata. Mabiyiya ma tana iya ɓalle wa mahaifa sa'o'i bayan bugun.

Na san za a ce akwai maɗori kusa, kuma asibiti sai da kuɗi. Amma maɗori ba ya ganin huhu. Ɗaure ƙirji tamau da zane yana hana cikakken numfashi, ya jawo ciwon namoniya. Haƙarƙari da kansa yake haɗewa cikin kamar mako 6 idan ana shan maganin ciwon da likita ya rubuta. Iska ko jinin da ya taru kuwa sai an sa roba an fitar. Kada a ƙi hoton ƙirji don tsoron cutar da jariri. Haskensa kaɗan ne.

Kafin a iso, kada a zare abin da ya soke ta, kada a ba ta abinci. Idan ciki ya wuce wata 5, a karkatar da ita ɓangaren hagu. Numfashi sama-sama, tarin jini, ciwon mara, zubar jini ko raguwar motsin jariri, duk alamun gaggawa ne. A nufi asibitin Ikara, Makarfi ko Hunkuyi, su turo ta Asibitin Koyarwa na Shika in da buƙata. A kan titi a kira Hukumar Kiyaye Haɗurra a lamba 122.

A mota, 'yar'uwa, ki ɗaura bel: na ƙasa ya bi ƙarƙashin ciki, na sama tsakanin nonuwa. Maigida, ka bar wa iyalinka izinin fita da kuɗin mota tun kafin ka tafi gona ko kasuwar rake.

Allah Ya sauke ku lafiya.