Sharhi: Awa Nawa Ce Daga Abuja Zuwa Jidda?

Duk lokacin da jigilar maniyyata ta gabato, tambayar da ke yawo a sansanin alhazai na Abuja ita ce: awa nawa za mu yi a sama?

Idan lissafi kawai za a bi, amsar ba ta da wuya. Daga filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe zuwa Jidda, kimanin kilomita 3,700 ne a miƙe. Babban jirgin fasinja kan ci wajen kilomita 850 cikin awa guda, don haka idan aka haɗa da tashi da sauka, tafiyar ba ta wuce awa 5 ba. Landan ta fi Jidda nisa da sama da kilomita 1,000, shi ya sa mai zuwa can yake shafe awa 6 da 'yan kai.

Sai dai sararin samaniya ma yana da masu shi. Kowace ƙasa ita ke da iko da saman da ke kanta, kuma tana iya rufe shi yadda maigida ke rufe zaurensa. Miƙaƙƙiyar hanyarmu ta zuwa Saudiyya tana ratsa Chadi, sannan ta keta Sudan kafin Bahar Maliya, kusan sawun da kakanninmu suka bi da ƙafa da jakuna, wasu har suka yada zango suka kafa garuruwa irin su Mai Wurno. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu, 2023, aka rufe samaniyar Sudan ana dab da fara jigila. Dole jirage suka yi zagaye, tafiyar ta doshi awa 7, mai ya ƙaru, kamfanoni suka nemi hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta ƙara musu kuɗi. Tsohuwar da ta sayar da shanunta ta biya kujera ba ta san janar-janar ɗin Sudan da ke faɗa ba, amma faɗansu ya taɓa guzurinta da gwiwoyinta.

A watan Agustan shekarar kuma, sojojin da suka kifar da Shugaba Mohamed Bazoum suka rufe samaniyar Nijar, wadda ita ce mashigar jiragenmu zuwa Turai. Masu zuwa Landan ma suka ɗanɗana.

A ganinmu, hukumomin jin daɗin alhazai suna da aiki a nan. Bita ba ta ƙare a ɗawafi da jifa ba. A gaya wa maniyyaci hanyar da jirginsa zai bi da awannin da zai yi a zaune, domin mai ciwon sukari ya riƙe maganinsa a jakar hannu, dattijo kuma ya riƙa tashi yana miƙe ƙafa. A kuma tuna masa cewa agogon Saudiyya yana gaba da namu da awa 2, kada ya sauka yana jiran Azahar alhali masu gari sun yi sahun La'asar.