Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓe Kuɗi

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, akwai wani rashin adalci da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau kuwa sai na amayar da shi. Duk sa'ad da aka tashi ba da tarihin majami'un ƙauyukan Afirka, sai a jero mana sunayen Turawa, wane ya zo, wane ya gina, wane ya koma gida, kamar dai mutanen ƙauyen duwatsu ne da aka tarar a gefen hanya. To, bari mu ɗauki Metodis da Firesbiteriyan na ƙasar Gana, wadda a da ake kira Gwalkwas, mu auna wannan magana mu gani.

Mu fara da Akropong, wani ƙauye a lokacin, a kan tsaunukan Akuapem. Mishan ɗin Basel, wanda shi ne tushen Firesbiteriyan a Gana, ya sauka bakin teku a 1828, zazzaɓi ya yi ta ɗauke Turawansa ɗaya bayan ɗaya. Andreas Riis ma da ya rage, wani mai maganin gargajiya ne ya cece shi. A 1835 ya hau Akropong, Sarki Addo Dankwa ya ba shi masauki, amma har ya koma Turai a 1840 bai yi wa ko mutum ɗaya baftisma ba. Sai a 1843, da aka kawo baƙaƙen Kirista daga Jamaika da Antiguwa, jikokin bayi, suka yi noma, suka yi gini, suka buɗe makaranta, sa'an nan fa abin ya kama ƙasa. Shin wa ya dasa itacen nan, wanda ya zo da iri, ko waɗanda suka yi ta ban ruwa?

Haka kuma ake ta yabon Christaller saboda Littafi Mai Tsarki na harshen Twi da ya fito a 1871. Ba na musun ƙwazonsa, gwani ne. Amma mu da ke nazarin harshe mun san baƙo ba ya fassara shi kaɗai, ko da ya shekara nawa a gari. David Asante da Theophilus Opoku, 'ya'yan Akropong, suna cikin waɗanda suka zauna da shi suna tace kalmomi. Mutum nawa ne suka san sunayensu?

Mu gangara wajen Metodis. Wa ya kira su? Wasu samarin Cape Coast ne masu taruwa suna karatun Littafi Mai Tsarki, ɗayansu, William de Graft, ya roƙi wani matuƙin jirgin ruwa ya kawo musu littattafai daga Ingila. Sanadiyyar zuwan Joseph Dunwell ke nan a farkon 1835, bai kuwa cika wata shida ba ya rasu. Majami'ar ba ta bi shi kabari ba, domin masu ita suna nan. A 1914 kuma William Wade Harris, mutumin Laberiya, ya ratsa ƙauyukan Nzima da sandarsa, jama'a suka yi ta kwarara majami'un Metodis, abin da mishan ya yi shekaru yana nema bai samu ba.

Babbar shaida ta zo a 1917, da Ingilishi suka kori 'yan Basel saboda yaƙinsu da Jamus. In da gaske Bature ne ginshiƙi, ai da ɗaki ya rushe. Ina! A 1918 aka yi babban taro a Akropong, aka zaɓi Peter Hall, ɗan ɗaya daga cikin mutanen Jamaikan nan, ya zama shugaba.

Wani zai ce, ai Turawa ne suka bar takardu, shi ya sa ake ambatonsu. Wannan hujjar malalaci ce. Carl Reindorf, faston Basel ɗan ƙasa, ya bi tsofaffi yana tambaya, har ya fitar da tarihin Gwalkwas da Asante a 1895. Ashe bakin tsoho ma taska ce.

Kada kuma a zaci wanke 'yan ƙasa nake yi. Unguwannin Salem, inda aka ware Kirista daga danginsu, sun raba gidaje. Da Ephraim Amu ya hau mumbari da zanen gargajiya, ya nace a kan kiɗan ganga, har ya rasa aikinsa a kwalejin Akropong a farkon shekarun 1930, shugabannin majami'a baƙaƙe na cikin waɗanda suka tsaya a kan korarsa. Wannan ma aikinsu ne, a rubuta shi da sunansu. Wanda aka hana shi laifinsa, an hana shi tarihinsa.

Saboda haka, duk wanda zai rubuta tarihin wata majami'ar ƙauye, ya fara tambayar wa ya ba da fili, wa ya yi tafinta, wa ya riƙe makaranta ran da baƙo ya kwanta ciwo. In ya kasa amsawa, ya ajiye alƙalami ya koma wurin tsofaffi tukuna. Allah ya sa mu gane.