Ruɗewar dattijo ta dare ɗaya ba gigin tsufa ba ce

A masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai, dattawa da dama na gadin ƙofa, su kwana ido biyu, su wuni cikin zafin bazara. Ranar da ɗayansu ya wayi gari yana sambatu, ko ya yi shiru yana ta gyangyaɗi, sai a ce gigin tsufa ne ko aljanu.

Gigin tsufa a hankali yake shigowa, cikin watanni da shekaru. Ruɗewar da ta zo cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki kuwa alama ce ta wata matsala a jiki: ciwon huhu, cutar mafitsara, ƙarancin ruwa, faɗuwar sukari ko illar magani. Jinkiri na iya cin rai, amma in an gano dalilin da wuri, sau da yawa hankali yakan dawo.

Akwai gwajin 4AT da likitoci suka samar a Edinbara a 2011, wanda bai fi minti 2 ba. Ya kamata sassan gaggawa na Asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano su riƙa yi wa kowane dattijo, amma da Hausa, domin tambayar ranar haihuwa ko jero watannin Turawa daga Disamba zuwa baya na iya kayar da mai cikakken hankali.

Tambaya mafi muhimmanci tana wurin iyali da abokan aiki: "Yaushe Baba ya canza?" Don haka wanda ya san shi jiya ne ya kamata ya raka shi asibiti yau.